Likkafanin Hajiya Fanta

Duk garin Toranke babu wanda bai san Hajiya Fanta ta gama shirin mutuwa ba, don ita da bakinta take shelantawa. Kowace damina sai ta ce ba za ta ga kaka ba. Idan kaka ta zo, ta ci tuwon sabon gero ta lashe hannu, sai ta ce to azumi ne ba zai riske ta ba. Tun mutane suna cewa, "Haba Hajiya, Allah ya ƙara lafiya," har suka gaji suka koma cewa, "To, Allah ya sa a cika da imani." Wannan addu'ar ta fi yi mata daɗi, har murmushi take yi idan ta ji ta.

Shirin nata yana cikin wani koren akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonta. Likkafani ne, farin alawayyo. Shekarar da suka sauke farali ita da mijinta Malam Kolo, bandir guda suka saya aka raba musu biyu, suka tsoma cikin ruwan Zamzam, suka shanya a saman benen masaukinsu a Makka. Malam ya daɗe da tafiya cikin nasa rabin, yana can kwance a maƙabartar bayan gari. Nata ne ya rage, kuma tun daga ranar ko ɗigon wani ruwa bai taɓa shi ba. Burinta a duniya guda ne, ta tafi cikin rabin nan yadda ya tafi cikin nasa, da ruwan nan a bushe a jikin zare. Mabuɗin akwatin kuwa yana ƙulle a haɓar zaninta, ko wanka za ta shiga da shi take shiga.

Ita da jikarta Umaima ne a gidan. Umaima malamar firamare ce, babanta Zunnuraini yana sayar da hatsi a Gaya, sai ranar Juma'a yake leƙowa a babur. Ta ukunsu mage ce mai ruwan toka, wadda ba wanda ya kawo ta. Ita ta kawo kanta ta kan katanga, ta ƙare wa gidan kallo, ta ga ya yi mata. Toka suke kiranta.

Wata hantsi cikin dogon hutu, Umaima ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallon magen tana tafiya tana rangaji.

"Tsohuwa, magen nan ciki ne da ita fa."

"Ke ce ungozoma? Ɓera ta ci ta ƙoshi."

"Wane irin ɓera ne kullum yake ƙara girma? Taɓa ki ji."

Hajiya ta yi tsaki, amma da Toka ta zo ta kwanta a gefen tabarmarta sai ta ɗora tafin hannu a kan cikin. Ɗumi ta fara ji. Can sai wani abu ya zillo a ƙarƙashin hannunta, ya shure ta a hankali, ya koma. Ta ɗauke hannun, ta kalle shi, ta sake mayarwa.

"Ikon Allah," in ji ta. "Marar kunya, ashe abin da kike zuwa yi bayan katanga ke nan."

Daga ranar aka shiga uku. Tsohuwar da ta ce ta gama da duniya, ita ce ta tashi haiƙan a kan cikin mage. Idan Adama mai nono ta shigo daga ruga, sai an zuba wa Toka nata a murfin kwano kafin a auna na fura. Kan busasshen kifi da ake jefawa a miya, Hajiya take tsamo shi ta ɓare ƙaya da farcenta ɗaya bayan ɗaya. Kaji ma ta hana su sakewa, da sanda take zama kusa da kwanon har Toka ta gama ci.

Umaima kuma ta duƙufa a waya. "An ce a riƙa ba ta abinci kaɗan-kaɗan amma sau da yawa. An ce nonon nan ma ba ya yi musu kyau, yana ɓata musu ciki. Kuma kada a riƙa ɗaukarta."

"Wa ya ce?"

"Waya."

"Wayar ta taɓa haihuwa?"

Duk da haka washegari Hajiya ta rage nonon, ta ƙara romo, ba ta kuma ce don waya ta yi ba.

Sai marka ta sauka. Ruwa ba mai ƙarfi ba, yayyafi ne mai naci, ya wuni ya kwana ya sake wuni. Gero a bayan gida ya yi kore shar har ya fi katanga tsawo, kwaɗi suna ta kuka da rana tsaka. A irin wannan yanayi barci ba ya neman izini wurin tsofaffi. Hajiya takan zauna a bakin ƙofa da kaskon turaren wuta irin na mutanensu na Barno, Toka a jikin ƙafarta tana gurnani, hayaƙi yana tashi yana narkewa cikin yayyafi, sai kawai ta tsinci kanta a saman benen nan na Makka. Rana fari fat, tattabaru suna yawo. Malam Kolo yana riƙe da bakin alawayyo, ita tana riƙe da ɗaya bakin, iska tana kumbura shi a tsakaninsu. Sai ya fara takowa wurinta don su haɗa bakin su ninke, yana wannan murmushin nasa na gefen baki. Kullum kafin hannunsa ya iso nata take farkawa, ta tarar turare ya mutu, mage tana lasar mata yatsa. Kewarsa takan kama ta sosai a lokacin, har ta rasa abin da za ta yi da hannunta.

Cikin Toka ya sauko, nonuwanta suka yi ja suka cika. Ta fara neman wuri. Umaima ta samo kwalin taliya, ta shimfiɗa tsohon zani a ciki, ta ajiye a lungun ɗakin girki inda babu haske. Toka ta shiga, ta juya, ta shinshina, ta fito tana kaɗa ƙafa kamar ta taka ruwa. Aka gwada bayan randa, ta ƙi. Aka gwada tsohuwar ƙwarya da tsumma, ko kallo ba ta ishe ta ba. Inda take so guda ne, ƙarƙashin gadon Hajiya. Nan za ka same ta tana goga kumatu a jikin koren akwati, tana kai farce bakin murfin.

"Kul!" in ji Hajiya, tana zungurinta da sanda a hankali. "Duk gidan nan naki ne, har gadona na ba ki. Wannan kam a'a. Wannan ba na masu zuwa ba ne, na masu tafiya ne."

Ranar da markar ta ɗauke, Hajiya ta tashi ta ji ɗakin yana warin danshi. Bangon gabas ya jiƙe har ƙasa. Ta sa Umaima ta jawo akwatin tsakar ɗaki, ta kwance mabuɗi ta buɗe. Alhamdu lillahi, fumfuna ba ta kama ba, sai dai alawayyon ya yi sanyi, kafur ɗin ciki duk ya narke. Ba ta yarda a fitar da shi tsakar gida ba, kada tsuntsu ya yi masa kashi ko hadari ya dawo ba shiri. Ta ce a bar murfin a buɗe daidai inda rana take shigowa ta taga, ita za ta zauna gadi.

Toka kuwa tun safe ta ƙi cin komai. Ta shiga nan ta fita can, tana wani siririn kuka, tana lasar jikinta. Umaima ta kai ta kwalinta, ta jawo ƙofar ɗakin girki, ta tafi kai niƙa. Ta manta ƙofar nan ƙasanta ya cinye tun bara.

Mai gadi ta zauna a bakin ƙofa da sandarta da carbinta. Ranar bayan marka, kun san ta, mai laushi ce, tana shiga ƙashi. Ƙasa tana fitar da tururi, kurciya tana kuka a kan darbejiya. Carbi ya yi tafiya kaɗan ya tsaya.

Ga ta a saman bene. Ga Malam, ga alawayyo. Amma yau iska ba ta ɗaga shi ba, ya yi nauyi a tsakiya ya lotsa, wani abu yana motsi a cikinsa. Malam bai tako ba. Ya tsaya yana leƙen abin, yana dariya har kafaɗunsa suna rawa. Ta buɗe baki za ta tambaye shi abin dariya, sai ta ji wani ɗan tsiririn kuka, tsiii, tsiii, kuma ba daga Makka yake fitowa ba.

"Inna lillahi! Hajiya!"

Umaima ce a tsaye a kanta, ƙullun niƙa a hannu, ido waje. Hajiya ta rarrafa, ta kama bakin akwatin ta leƙa. Toka tana kwance male-male a tsakiyar likkafanin, tana haki. A gefen cikinta ga wani ɗan abu baƙi jiƙaƙƙe, bai fi babban yatsa biyu ba, tana lasarsa yana tsiii. A ƙarƙashinsu farin alawayyo ya yi ja, faɗin tafin hannu.

Umaima ta durƙusa tana magana da sauri. "Ɗaya ta haifa, saura suna ciki. Ninkin sama kawai ya ɓaci, Hajiya. Bari in ɗauke ta yanzu in kai ta kwali, sai a yanke wurin, sauran duk yana nan lafiya."

"In an ɗauke ta fa?"

Umaima ta juya tana kallon magen.

"Ke nake tambaya. Me wayar taki ta ce?"

"An ce kada a taɓa su in sun fara. Naƙudar tana iya tsayawa. Wata ma takan gudu ta bar ɗan." Ta sake leƙa akwatin. "Amma ba kullum ba ne. Hajiya, likkafaninki ne fa."

Ai ta sani. Wa ya fi ta sani? Ta zura hannu ta kama bakin alawayyon, nan inda yake fari tas, mai sanyi, mai ƙamshin kafur. Ja ɗaya za ta yi. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta ji kamar ta rufe magen nan da duka, shekara da shekaru tana tsaron abu, ɓarauniya ta zo ta same shi a barci guda. Sai cikin Toka ya murɗa. Magen ta miƙe ƙafafu, ta ɗago kai ta kalli Hajiya da ido duk ya firfito, ta tura goshinta cikin hannun da yake riƙe da zanen, ta danna da ƙarfi. Jikin magen yana ɓari. Hajiya ta san wannan ɓarin. Ta yi shi a ɗakin nan lokacin tata naƙudar, a kan wannan daɓen, tana danna goshi a hannun wata tsohuwa da ta daɗe da rasuwa.

Ta saki alawayyon, ta tallafi kan magen.

"To, yi. Yi abinki, marar kunya. Sannu. Sannu, yi nishi."

"Hajiya..."

"Sakar mana labule, haske ya yi mata yawa. Ki kawo ruwa a murfin kwano, ki kore kajin nan."

Haka suka zauna har rana ta bar taga. Na biyu ya fito, fari da baƙi. Toka ta yage masa riga da haƙori, ta cinye cibiya, ta lashe shi har ya yi kuka. Aka daɗe ana jira, har Hajiya ta fara salati a ƙasa-ƙasa, sannan na uku ya zo da ƙafa, da ƙyar. Duk wanda ya fito, jan nan sai ya ƙara faɗi, ya nutse ninki bayan ninki. Hajiya tana gani. Ba ta ɓoye kukanta ba, hawaye yana bin tsagar fuskarta yana ɗiga a gwiwa, hannunta kuma bai bar kan magen ba. Kukan Malam take yi, da benen nan, da ruwan da ta san wanki zai tafi da shi. Da na huɗu, na ƙarshe, ya fito, ɗan mitsitsi mai ruwan uwarsa, likkafanin ya jiƙe har ƙasan akwati.

Aka kira la'asar. Toka ta kwanta a gefe guda tana gurnani, 'ya'yan suna ta laluben nono da makafin kawunansu, suna hawa kan juna. Ƙaramin ya ɓace hanya ya nufi bangon akwati. Hajiya ta sa yatsa ɗaya ta juyo shi, ya kama.

Umaima ta share ido da bakin mayafi, ta ɗauko waya. "Bari in kira Baba. Ya yanko sabon alawayyo a Gaya, ya taho da shi gobe. Zamzam kuma ba za a rasa ba wurin alhazan bana, sai a yayyafa."

"Wa ya aike ki?"

"To ai kada a zauna babu, kin ce kakar bana..."

"Na ce, na ce. Komai na ce sai ki rubuta?" Hajiya ta gyara zama, ta jawo sandarta ta tokare murfin akwatin don kada ya faɗo musu. "Ajiye wayar nan. A'a, tsaya, tambaye ta tukuna. Yaushe suke buɗe ido?"

"Sai sun kwana biyu, mako guda ko fiye."

"Su fara yawo fa?"

"Wannan sai an yi wata."

Hajiya ta leƙa akwatin, ta daɗe tana kallon ƙaramin yana tsotso.

"Wannan ba zai yi ƙwari da wuri ba, sai an sa masa ido," in ji ta. "Ki ce wa babanki kifi zai taho da shi. Alawayyo ya bari tukuna, ni ba sauri nake ba."