Turaren Gwaggo da Jar Fitila

Tun da gobara ta lashe shagunan maƙwabta a Ƙofar Mazugal, Bahijja ta sa aka haɗa wa siton leshin da ta gada wurin mahaifinta na'urar kashe wuta. Malam Bashir mai haɗawa ya tsayar da ita gaban akwatin da ya kafa a bangon shago, ya bi mata fitilun ɗaya bayan ɗaya. Koriya, komai lafiya. Ruwan ɗorawa, wani abu ya lalace. Ja kuwa, na'urar ta shaƙi hayaƙi, kuma jim kaɗan za ta cika siton da iskar da ke kashe wuta. Mutum ma ba ya iya numfashi a cikinta. Bahijja ta yi ta gyaɗa kai, rabin hankalinta na kan waya.

Ba wanda ya tuna da Gwaggo 'Yardada, yayar mahaifin Bahijja. Tsohuwa ce mai nauyin kunne, ga taurin kai. Tun ƙaninta na raye take zuwa ta turara kayan sito da turaren wuta, wai leshin da ba ya ƙamshi ba ya shiga ran mata. Ran nan da hantsi ta shigo da kaskonta a lulluɓe cikin mayafi, ta wuce ciki, Bahijja na fama da lissafin yadi.

Sai ƙararrawa ta ɓarke, jar fitila na ƙyaftawa. Bahijja ta jiyo ƙamshin turare, ta gane Gwaggo na ciki. Ta ruga ta danna maɓallin da ya fi kusa da hannunta, ƙarar ta ɗauke. Har ta fara ajiyar zuciya ta ga jar fitilar na nan tana ƙyaftawa. Bakin ƙararrawar kawai ta rufe, iskar tana nan tafe.

Nan maganar Bashir ta faɗo mata. Akwai maɓallin dakatarwa, amma sai an danne shi ba a ɗaga hannu ba. Ta danna da babban yatsa, ta leƙa ta ƙofar sito. Ga Gwaggo can tsakanin dilolin leshi ta tayar da sallar walha, kasko na hayaƙi a gefenta.

"Gwaggo, ki fito!"

Ina. Ko ta ji, ba mai katse salla ba ce. Shagon ba kowa, maƙwabta kuma yawancinsu ba su sake buɗewa ba. Bahijja ta lalubo waya da hannun hagu.

"Malam Bashir, Gwaggo na ciki, fitilar ta yi ja."

"Kin danne na dakatarwa? To, kada ki saki, Hajiya, ko minene. Ina Dukawuya, ga ni nan da makullin kashe na'urar."

Yatsan ya yi sanyi, ya koma zafi, kafaɗa ta ɗauki rawa. Tsoro ya cika ta, ga haushin tsohuwar, ga na kanta da ba ta taɓa zaunar da ita ta yi mata bayani ba. Gwaggo ta yi sallama, Bahijja ta ce a ranta an gama. Sai tsohuwar ta gyara zama ta ɗaga hannu, ta shiga addu'a irin tata mai tsawo. Bahijja ta ɗora ɗaya hannun a kan yatsan, hawaye na bin fuskarta.

Da ƙyar Gwaggo ta shafa, ta ɗauko kaskonta, ta fito tana jan ƙafa. Ta tsaya tana duban 'yar ƙaninta manne da bango.

"Ke kuma lafiya kike kuka?"

"Kin daɗe, Gwaggo."

"Ai dole in daɗe, 'yar nan. Tun da aka yi gobarar can ban da kwanciyar hankali. Roƙa miki nake Allah ya tsare wurin nan daga wuta."

Bahijja ta dubi kaskon, ta dubi tsohuwar. Hannunta na kan maɓallin har yanzu.

"Amin, Gwaggo," ta ce. "Zo ki tsaya nan kusa da ni."