Allura a Ƙwaurin Malam Uwais

Kwana biyu Malam Uwais ya yi yana amai da gudawa kafin ya yarda a kai shi asibiti. Da hantsi matarsa Hure ta samo mai kurkura, babur mai ƙafa uku, suka ratsa gonakin dawa har ƙaramin asibitin da ke hanyar Minjibir. Idanunsa sun zurma, ko salati da ƙyar yake fita.

Ana kwantar da shi, Sista Sa'adiyya ta ɗaure masa hannu tana neman jijiyar da za ta sa ruwa. Ta soka nan, ta soka can, babu. Tana lalubar ɗaya hannun sai ya ja wani irin minshari, kansa ya langaɓe.

"Likita! Zuciya ta tsaya!"

Ta hau danna masa ƙirji da hannu biyu, gadon ƙarfen yana ƙara. Likita Zaharaddini ya shigo a guje, ya duba hannuwan, ya duba wuya.

"Jijiyoyin duk sun kwanta," ya ce. "Ta ƙashi za mu bi."

Ba wanda ya tuna ya fitar da Hure. Tana maƙale a jikin ƙofa ta ga ya ɓare wata allura mai kauri kamar basilla, ya naɗe ƙafar wandon mijinta ta dama. Ba ta taɓa ɗaga wa baƙon namiji murya ba, amma sai ta ji bakinta ya buɗe.

"Likita, kada ka taɓa wannan! Sati uku ke nan da san huɗa ya harbe shi a nan. Karaya ce. Shi ya kwance ɗorin da kansa don ya koma gona."

Likitan ya shafa ƙwaurin, yatsansa ya tsaya a kan kumburin.

"Da na sa a nan, a tsoka maganin zai tsiyaye," ya ce, ya zagaya wajen ƙafar hagu.

Ƙasa da gwiwa kaɗan ya kafa allurar, ya riƙa murzawa yana dannawa. Hure ta ji lokacin da ƙashin ya ba da hanya, ɗan ƙas. Uwais bai ko motsa ba, wannan ne ya fi tayar mata da hankali. Aka tura magani, aka bi shi da ruwa. Suka yi ta karɓeɓeniyar danna ƙirjin. Aka ƙara tura wani.

Can likitan ya ce a dakata. Ya daɗe da yatsu biyu a wuyan.

"Tana bugawa. A hankali."

"Alhamdu lillahi," in ji Hure. "To, zai farka, Likita?"

 Sai ya tambayi Sista minti nawa zuciyar ta yi a tsaye.

"Goma sha huɗu."

Ya ɗaga fatar idon Uwais ya haska fitila, ya sake haskawa. Sannan ya ce a kira mota, birni za a wuce da shi yanzu.

Hure ta matso ta riƙe tafin ƙafarsa. Sanyi ƙalau. Ta kira sunansa, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba. Idanunsa a buɗe suke rabi, suna kallon silin.