Kiran da Na Jira Wata Uku

Shekara ashirin ina tsara fitar motocin da ke raba magani a ƙananan asibitoci. Direbobi suka sa mini suna Taswira, don babu lungun da ba ya kaina. In direba ya kai mararraba ya rasa ta yi, ni yake kira.

Sai aka kawo na'ura. Aka kafa allonta a bangon ofishina, daidai inda kalandata take. Da safe ta tsara wa kowace mota hanya, har da abin da za a yi in hanyar ta ƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ta taɓa cewa ta tabbata. Sai ka ga ta rubuta, "Kashi saba'in cikin ɗari hanyar a buɗe take." Ni da na faɗi haka a zamanina, da dariya za a yi mini. Ita kuwa, wai gaskiya gare ta.

Sauran direbobin ba su dame ni ba. Dogo ne, mijin ƙanwata, wanda ni na koya masa hanyoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Da, sau biyar yakan kira ni a yini. Yanzu wata uku wayata ba ta ga lambarsa ba. Har "Hajiya" yake ce wa na'urar.

"Yaya, Hajiya fa ta san aiki," in ji shi, yana shan shayina.

"To ka je ta dafa maka," na ce, na janye butar.

Kishi ne, ba na musu. Da furfurata ina kishi da allon bango.

Wata safiya aka kwana ana ruwa. Dogo ya fita da maganin da ba ya son zafi, dole ya kai kafin ƙanƙarar akwatin ta narke. Hanya biyu ce: ta gada, wadda ruwa kan shanye, ko zagaye mai nisa. Ina zaune ina kallon ɗigon motarsa a allo, sai ya tsaya cak a mararraba.

Wayata ta yi ƙara. Dogo! Na bari ta buga sau uku don kada ya ga zumuɗina.

"Yaya, gada ko zagaye?"

Na gyara zama. "Duba kwalbatin da ke hagunka. Ruwan ja ne ko fari?"

"Ja ne, har da ganyaye."

"To daga tudu yake, bai gama saukowa ba. Kafin ka kai gada ta nutse. Bi zagaye, ka taka mota."

"Allah Ya bar mana kai, Yaya."

Wani daɗi ya cika ni. Na harari allon, na ce a raina, yau kin ga iyakarki. Sai na kasa yin shiru.

"Ashe dai ka tuna da ni."

"Ai Hajiya ce ta ce in kira ka," in ji Dogo. "Ta rubuto wai ba ta da labarin gadar tun jiya, rabi da rabi take gani, in tambayi wanda ya fi ta sani. Bari in shigar mata abin da ka faɗa, ta iya don gaba."

Ya kashe wayar. A allo, ɗigon motarsa ya karkata zuwa zagaye.