Badon da Ya Rage a Tabkin Tirmini

Wasila ta sake kafta fartanya cikin busasshiyar laka, ta tona, babu komai. Tun hantsi suke tsakiyar tabkin, ita da surukarta Iya Gambo, suna neman saiwar bado. Ina! Matan ƙauye uku sun riga su, sun birkice wurin kamar an yi huɗa. Damina biyu ke nan ruwa ya ƙi. A gida kuwa 'yarta Ladi, mai shekara biyar, ta kwana biyu ba abin da ya shiga cikinta sai ruwan dafaffen ganye. Kamyon taimako, babbar motar abincin da aka ce za ta taso daga Damagaram, shiru kake ji.

Wasila ta je neman inuwa bayan duwatsun gabas, sai ta gan shi. Cikin wata tsaga inda rana ba ta leƙawa, ɗan ruwa ya rage, bai fi cikin ƙwarya ba. Ganyen bado huɗu a kwance, da fure ɗaya fari tas.

"Iya! Zo ki gani!"

Tsohuwa ta iso tana dafa gwiwa. Ta daɗe tana kallo kafin ta ce, "Allahu akbar. Ashe kana nan."

Wasila ta ɗaga fartanya, Iya ta riƙe mata hannu.

"Uwa ce wannan, 'yar nan. Ba a tone uwa. Ko a yunwar da aka yi ina budurwa, iyayenmu sun bar ta. In kin cire, ko ruwa ya dawo, tabkin nan ya gama bado."

"Ladi fa, Iya? Jiya na ɗauke ta, wallahi kamar na ɗauki zane."

Tausayi ya kama tsohuwa har idonta ya kawo ruwa. Ta durƙusa da ƙyar, ta cusa hannu cikin lakar har gwiwar hannu, tana lalube a hankali kamar ungozoma. Can sai ta ɓallo 'yan saiwoyi biyu daga gefe, kowace ba ta kai ƙwan zabo ba. Ta mayar da laka, ta danne, ta juye wa uwar sauran ruwan gorarsu. Sannan ta tsinke furen.

"Riƙe mata. Tun da yarinyar nan ta yi wayo ba ta taɓa ganin bado ba."

Da ƙishirwa suka koma gida. Wasila ta ɗora tukunya, Iya ta zauna bakin tabarma ta sa wa jikarta furen a hannu. Ladi ta juya shi, ta shinshina, har ta ɗan yi murmushi.

"Kaka, ci ake yi?"

Yarinya ta shiga tsinkar fararen ganyen furen ɗaya bayan ɗaya tana taunawa. Da ya rage guda, ta tsaya, ta miƙa wa tsohuwa.

"Kaka, ga naki."