Farin Gishirin Jima

A Tamaske in ana maganar tsafta sunan Jima ake fara kira, sai dai ba kullum da yabo ba. Mace ce da za ta wanke ludayi, ta ɗaga shi a rana ta ƙare masa kallo, sannan ta sake wankewa. Maƙwabta sukan ce da ana wanke ruwa, da Jima ta wanke shi. Ita kuwa ko a jikinta, an tsikari kakkausa. Abu ɗaya sabulu ya kasa mata, wato maƙoƙon da ya zauna a wuyanta tun tana amarya, wanda take naɗe wa mayafi ko rana na gasa duwatsun Adar.

Maƙoƙon ma da sauƙi. Abin da ke cin ranta Bushira ce, babbar 'yarta. Bushira ta haura ashirin amma tsayinta na ƙaramar yarinya ne, ba ta ji sai an taɓa ta, kalmomin bakinta kuma ba su taka kara sun karya ba. An ce iska ce, an sha rubutu, an yi turare har ɗaki ya yi baƙi. Sai bayan shekaru wata ungozoma a gidan likita ta dubi wuyan Jima, ta dubi yarinyar, ta ce mai yiwuwa tun yarinyar tana ciki ta rasa wani abu da ake kira iyod. Ta ce abin ya yi ƙaranci a cimar mutane, shi ya sa ake zuba shi cikin gishiri. Jima ta haɗiye maganar, ta zauna mata a ƙirji.

To bana Karima, ƙanwar Bushira, ta samu cikin fari. Mijinta ya tafi ci-rani Abijan, laulayi kuma ya sa ta gaba, sai surukanta suka bar ta ta dawo gida tun cikin bai fito ba. Ranar da ta sauke kayanta Jima ta yi wa kanta alkawari, wanda maciji ya sara ai ko tsumma ya gani gudu yake. Ta daina sayen gishirin kantu, mai zuwa curi-curi, da ta saba da shi. Ta taka har shagon Alƙasim a bakin kasuwa, ta sa ya nuna mata buhun da aka ce mai iyod ne, ta sayi tiya guda. Tun daga nan miyar kuka, miyar kuɓewa, ɗanwake, duk abin da zai shiga bakin Karima da wannan gishiri ne. Hankalinta ya ɗan kwanta.

Ciki ya tsufa, sai Madam Zalika, ungozomar da ke awo yanzu, ta ce kowace mai ciki ta zo da ɗan gishirin gidansu. Jima ta ƙulla nata a farin ƙyalle ta raka 'yarta, tana tafiya tana jin daɗin kanta, don ta san duk unguwa ba mai gishiri irin nata.

Matan suka jeru a rumfa. Madam ta fito da 'yar ƙaramar kwalba, ta ce in ta ɗiga ruwan a kan gishiri ya yi shuɗi, to akwai iyod. Ta fara da na Fiddausiya maƙwabciyar Jima, wadda Jima ba ta ko shan ruwan randarta. Gishirin toka-toka ne, har da ɗan hakin buhu a ciki. Ɗigo ɗaya, ya rine kamar an taɓa shi da shuni. Jima ta taɓe baki, ta kwance ƙyallenta, ga gishiri fari ƙal, lallausa.

Madam ta ɗiga. Ruwan ya nutse, gishiri yana nan fari. Ta sake ɗigawa, ta jira. Fari.

"Inna, wanga babu komi cikinai," in ji Madam a hankali.

Jima ta dubi cikin Karima, ta kau da kai da sauri. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba tun ranar da ta kira Bushira daga baya yarinyar ba ta waiwayo ba. Da yake kuma tsoron Jima ba ya daɗewa bai koma faɗa ba, sai ta gyara mayafi ta nufi kasuwa, ta bar Karima zaune.

"Alƙasim! Ka ji tsoron Allah! Ɗiyata da ciki, kas saida min gishirin banza?"

Alƙasim, da ke auna wa wani shinkafa, ya saki tiya. "Subhanallahi, Inna Jima, mi yah hwaru?"

"Likita ta auna, ba shi da magani! Ka san abin da ag gidana, ka san Bushira, amma kay yi min haka?"

Mutane suka fara taruwa. Alƙasim mutum ne mai gudun abin kunya, ya ga sunansa zai ɓaci a kasuwar da ubansa ya yi ciniki. Ya ɗebi gishiri cike da hannu daga buhun, ya ce, "Mu tahi, a auna gabana. In ƙarya nika saidawa, in ruhe shago yau."

Suka iso, Jima gaba yana binta. Madam ta ɗiga ruwan a tafin hannun Alƙasim. Nan take ya yi shuɗi. Alƙasim ya sauke numfashi, ya buɗe baki zai rama, sai ya ga fuskar tsohuwar ya fasa.

Madam ta ajiye gishirin biyu gefe da gefe, nasa mai tsakuwa, duhu-duhu, nata kamar garin shinkafa. Ta daɗe tana kallo.

"Inna, ƙaƙa kika yi mishi shina hwari haka?"

"Yo wankewa nika yi mana," in ji Jima. "Wa ka zuba wagga dauɗa cikin tukunya? In zuba shi ƙwarya, in ɗauraye, in tsiyaye, har ruwan shi hita garau. In shanya bisa rumhwa shi sha rana, sannan in daka. Haka uwata taka yi, haka..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta ga Madam ta runtse ido.

"Maganin bisa bayan gishirin aka hesa shi, Inna. Ruwan hwarko da kika zubarwa, da shi shika tahiya."

Ko Fiddausiya, da ta samu ranar ramuwa a sama, kau da kai ta yi. Jima ta tuna ƙwaryar, ta tuna yadda take watsa ruwan a gindin katanga tana tsaki, wata bayan wata, tana murna ta raba jikanta da datti. Da hannunta.

"To abin da ke cikin hwa?" in ji Jima. "Madam, gaya min gaskiya."

Madam ba ta yi mata ƙarya ba, kuma Jima ta so a ce ta yi. Ta ce ba kowane ciki abin ke taɓawa ba, Karima ta ci abinci a wasu gidaje, kuma wuyanta lafiya lau. Ta ce daga yau a bar wankewa, a tsince hakin da hannu, a rufe gishiri a gwangwani, a zuba shi in miya ta kusa sauka. "Sauran kuwa, Inna, ban iya rantse maki. Sai an haihu mu gani."

Jima da Karima suka kama hanyar gida har suka kusa ƙofa. Bushira na zaune a zaure tana tsinkar zogale, ta ɗago ta yi musu dariyarta ta kullum. Karima ta tsaya, ta dafa cikinta.

"Inna, kamar ita za shi zama?"

Jima ta ce, "Ki bar wagga magana, Allah na nan." Ta shige madafa, a can ta yi kukanta.

Ran nan Malam Abdallah, mijinta, ya tauna tsakuwa a miya karo na farko tun aurensu. Ya ɗago zai yi magana, Jima ta kalle shi, ya mai da kai ya ci gaba da cin tuwonsa. Makonnin da suka biyo baya Jima ta rame. In Karima ta ce ɗan ya motsa, sai ta tambaya da ƙarfi ko a hankali. In ta ce yau bai cika motsi ba, Jima ta kasa cin abinci. Ta yi sadaka da ƙosai, ta sa an yi addu'a, amma ba ta gaya wa kowa abin da take roƙo ba, don kowa ya sani.

Karima ta haihu da hantsi a gidan likita, mace. Madam ta juya jaririyar, ta duba, ta ce ba ta ga abin tashin hankali ba, sauran sai yarinya na girma. Jima ta ji, amma ba ta ƙoshi ba. Ta san Bushira ma kyakkyawa aka haife ta.

Washegari a gida ɗaki ya cika da 'yan barka, ana ta ba jaririya hannu zuwa hannu, har ta yi barci aka shimfiɗe ta gefen uwarta. Jima ta shigo da tasar ƙarfe a hannu, babu komai a ciki. Ta tsaya ta bayan kan jaririyar, inda ba za ta gan ta ba. Ta yi bisimilla, ta saki tasar a kan daɓe.

Ƙarar ta cika ɗakin. Mata suka zabura da salati. Jaririyar ta firgita, ta watsa hannuwa, ta tsandara kuka har fuskarta ta yi ja.

"Jima, kin haukace?" in ji Fiddausiya. "Ki kashe ɗiyar mutane!"

Jima ta durƙusa tana dariya, hawaye na bin wuyanta, tana cewa, "Ta ji, wallahi ta ji." Karima ta rungume 'yarta, ita ma ta fashe da kuka.

A bakin ƙofa Bushira na zaune ta ba su baya, tana jera takalman baƙi biyu-biyu. Ba ta waiwayo ba.