Jan Layin da Ya Ratsa Gidanmu

Baba ne ya nemo dokar da ƙafarsa. Gara in faɗi wannan tun farko, don kada wani ya tausaya masa fiye da kima.

Tun da ya yi ritaya daga ofishin lasisi na ƙaramar hukuma, abu biyu ne suka hana shi sakat a duniya: mai waldan da ke jikin katangarmu, da keken ɗinkin Umma. Na Umma ya riga ya yi maganinsa, a nasa ganin. Wata rana yana son ya ɗan runtsa bayan cin abinci, ya ce mata wannan ƙarar da take cika gida da ita ba sana'a ba ce, neman magana ne. Umma ta ɗauke ƙafa daga kan keken, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce to daga yau ba za ta ƙara neman magana da shi ba. Shi kuma ya naɗe katifarsa, ya ɗauki rediyonsa, ya koma ɗakin gaba mai ƙofa a bakin titi. Muka ɗauka fushin kwana biyu ne. Yayana ya yi aure ya bar garin, ya haifi 'ya'ya, fushin yana nan daram.

Ni na zama 'yar aike. In na taso daga kantin maganin da nake aiki, tun kafin in cire takalmi saƙo yake tarbata.

"Gaya wa Ummanki gishiri ya yi yawa jiya."

Umma tana tsaye a bakin kicin, in ta miƙa hannu za ta taɓa kafaɗarsa.

"Gaya wa babanki harshensa ne ya tsufa."

In juya in maimaita, kamar mai fassara tsakanin ƙasashe biyu. Mutane suna dariya in na ba su labari, ni ma ina taya su, amma abin yana cina a rai. Ba ƙaramin kaɗaici ba ne ka zauna da mutum biyu da kake ƙauna, kowa yana magana da bango ta bakinka.

Da ya gama da Umma sai ya waiwayi mai walda. Duk zaman da majalisar ƙaramar hukuma za ta yi, Baba yana kujerar gaba, da gogaggiyar riga da biro a aljihu. Ranar da za a yanke maganar da ya daɗe yana kaiwa a kan mai waldan ya ce in raka shi, in ga yadda ake aiki. Na gani kuwa. Zauren yana da fanka a sama wadda ke juyawa kamar an tilasta mata, da makirfo ɗaya da kansiloli ke miƙa wa juna ko da yake ba ya aiki. Aka fara da batun sayen sababbin labulaye na ofishin ciyaman, aka yi ta ja-in-ja a kan launi har wani kansila ya yi barazanar fita. Aka shiga batun wanda zai riƙe makullin banɗakin tashar mota. Sai can da kowa ya fara duba waya, yunwa ta taso, sakatare ya karanta batun raba gari zuwa yankin zama da yankin kasuwanci.

Baba ya miƙe. Ya yi magana mai tsawo a kan tsari, da ci gaba, da haƙƙin dattijo ya yi barcin rana. Ya nemi a rubuta ƙarara cewa ba a sana'a a yankin zama. Da ya tuna ma'aikatan mai walda kan kwana a cikin shagon, sai ya ƙara da cewa a rubuta ba a kwana a yankin kasuwanci.

"Akwai mai ja?" in ji ciyaman, idonsa a kan ƙofa.

Babu mai ja. Aka ɗaga hannuwa, aka watse. A hanya Baba yana tafe yana gaisawa da mutanen da bai saba kulawa ba.

Abin da ya manta, duk da shekarun da ya yi a ma'aikatar, shi ne yadda ofishin tsara gari yake shata iyaka. Ba su da wata hanya sai guda: bin tsohuwar kwatar da ke kwashe ruwan sama. Inda ta bi, nan iyaka take, ko ta mazaɓa ce ko ta kwasar shara. Haka suka gada, kuma ba wanda ya taɓa samun matsala da hakan, don kwata ba ta gardama. A layinmu ta bi bayan shaguna, ta bar su ta ɓangaren titi. Da ta iso gidanmu kuwa sai ta shige ƙarƙashinsa, saboda kakana ya rufe ta da siminti ya gina ɗakin gaba a ƙetarenta tun kafin a haife ni.

Ranar wata Asabar ma'aikata suka zo da igiya da gwangwanin jan fenti. Suka ja layi ta bayan shagon mai walda, wanda ya tsaya yana kallo da baƙin tabaransa a goshi. Shagonsa ya faɗa yankin kasuwanci cif, ba abin da ya taɓa shi. Suka iso katangarmu suka tsaya, shugabansu yana sosa ƙeya.

"Ranka ya daɗe, kwatar ta shiga ciki. In kana so mu kewaye..."

Maƙwabta sun riga sun taru. Baba ya dube su, ya dubi fentin.

"Doka ba ta kewaye," ya ce, ya buɗe musu ƙofa da hannunsa.

Layin ya ratsa barandar da ke tsakiyar gida daga bango zuwa bango. Ɗakin Baba ya zama yankin kasuwanci, inda ba a kwana. Kicin da ɗakina da ɗakin Umma, inda gadonta da kekenta da teburin yankanta suke, suka zama yankin zama, inda ba a sana'a. Mai walda ya leƙo ta ƙofa, ya yi wa Baba barka da samun nasara, ya koma ya kunna injinsa.

Da wani ne, da ya bar fentin ya bushe ya ci gaba da harkarsa, don babu jami'in da zai zo ya leƙa inda tsoho yake kwana. Amma Baba ya yi jawabi a gaban gari. Ita kuwa Umma, washegari na same ta tana cire allura daga keken, tana naɗe yaduddukan mutane ɗaya bayan ɗaya, tana liƙa wa kowanne sunan mai shi.

"Gaya wa babanki na bi dokarsa. Na kira yayanki, zai zo da mota ƙarshen wata. Ya ce akwai ɗaki a wurinsu, kuma a garinsu ba a kama mai ɗinki."

Na san Umma. Ba ta barazana, ba ta iya ba. Na gane in keken nan ya fita daga gidan, ita ma ta fita ke nan, kuma ba za ta dawo ba. Na je na faɗa wa Baba, wannan karon ban rage ko kalma ba. Ya daɗe yana murɗa rediyo ba tare da ya kama wata tasha ba.

Da la'asar ya kira ni, ya gyara murya irin ta ofis.

"Gaya wa Ummanki, bisa tanadin doka, ɗakin gaba wurin sana'a ne. Barinsa babu sana'a asara ce ga tattalin arzikin gari. Ta kawo kekenta."

"Kai kuma fa, Baba?"

"Ni na san inda zan sa kaina."

Inda ya sa kansa shi ne baranda. Ɗakin Umma ne kaɗai ke da wurin gado na biyu, amma girman kai bai bar shi ya ko kalli ƙofar ba. Ya shimfiɗa katifa tsakanin ƙofar kicin da jan layi, ya auna da tafin hannu, ya ce ta shiga daidai. Katifar ta shiga, Baba ne bai shiga ba, don dogo ne. Umma kuwa ta mai da kekenta ɗakin gaba ba tare da godiya ba. Ta samu taga babba da ƙofa a bakin titi, masu kawo ɗinki suka ƙaru, har mai walda ya ƙera mata allon suna kyauta. Ta ce wa yayana ya dakata tukuna, amma ba ta kwance jakunkunan da ta ɗaure ba. Suna nan jere a bayan ƙofarta, kullum sai na gan su.

Haka aka yi ta tafiya, Baba yana tashi da ciwon wuya yana cewa lafiyarsa ƙalau. Sai wata safiya, ina haɗa shayi, Umma ta fito da yadi a kafaɗa za ta wuce shagonta. Baba bai tashi ba tukuna. Ta tsaya a kansa. Ƙafafunsa sun zarce katifar, sun ƙetare layin har idon sawu.

"Ƙafafunka suna karya doka," ta ce.

Ba ta ce in gaya masa ba. Baba ya buɗe ido, ya dube ni kamar yana jiran in fassara, na juya baya ina ta motsa shayin da ya riga ya motsu.

"Zan lanƙwashe su," ya ce a hankali.

"Da wannan gwiwar taka? Inda keken ya tashi babu komai a wurin. In ka ga dama. Ba don kai ba, don kada a ci mu tara."

A ranar katifar ta shiga ɗakin Umma, don kada a ci mu tara. Bayan mako guda na ji suna musu a kan taga, a buɗe ko a rufe, kai tsaye ba da ɗan aike ba. Ban taɓa jin musu mai daɗi irin wannan ba. Jakunkunan suka ragu, wata rana na duba babu su.

Ana nan sai aka kawo sabuwar injiniya ofishin tsara gari, mace mai son aiki. Ta ga layi ya bi ta cikin gidan mutane, ta ce wannan abin kunya ne. Ta kai wa majalisa shawarar a mai da gidanmu yankin gauraye, inda ake iya kwana a kuma yi sana'a a kowane ɗaki. Ta zo da kanta ta shaida wa Baba, tana murmushi.

"Baba, an kusa share maka hawaye. Ka koma ɗakinka, Umma ta koma nata, kowa ya huta."

Baba ya yi mata godiya da irin fuskar da ake karɓar sakamakon asibiti.

Ranar zaman na bi shi. Aka gama da batun labulayen, waɗanda ashe an sayo su sun yi gajere, aka zo kan namu. Ciyaman ya ce wannan gyara ne don a kyautata wa dattijo, ba ya jin akwai mai ja. Sai ga hannun Baba a sama. Ya miƙe ya yi magana a kan mutuncin doka. Ya ce in aka fara lanƙwasa iyaka don mutum ɗaya, gobe kowa zai zo da tasa. Ya ce kwata ta yi wa garin nan hidima tun kafin a haifi injiniya, bai kamata a ci mata fuska ba. Muryarsa tana rawa, kansiloli suka ɗauka tsabar kishin gari ne, har wani ya tafa. Ni kaɗai na san abin da yake roƙo, kuma na san ba zai taɓa iya faɗinsa da sunansa ba.

Ciyaman ya yaba masa, ya ce irin wannan sadaukarwa ita ta sa dole a saka masa da alheri. Aka ɗaga hannuwa. Gyara ya wuce, ba hamayya sai ta wanda aka yi dominsa.

A hanya bai gaisa da kowa ba. Da muka kusa gida ya rage tafiya.

"Ba sai kin gaya wa Ummanki yau ba," ya ce.

Matar sakataren majalisa a wurin Umma take ɗinki, kuma wayarta ba ta hutawa. Na tabbata labari ya riga mu isa.

Muka shiga ta ƙofar shago, keken a rufe, ba kowa. A baranda muka same ta durƙushe a kan tsumma, da ƙaramin buroshi a hannu da gwangwanin jan fenti irin wanda mai walda ke shafa wa ƙofofi. Ta riga ta kai rabin layin. Baba ya tsaya a ɓangaren kasuwanci, hularsa a hannu.

Umma ba ta ɗago ba.

"Duk ya dushe, kowa sai ya taka yake wucewa," ta ce. "Tsallako a hankali, bai bushe ba. Zo ka riƙe min gwangwanin."

Baba ya tattare bakin rigarsa ya tsallaka.