Gishiri a Sumar Ultan

A garinmu na masunta, a bakin teku, mace ba ta tambayar namiji inda ya wuni. Ɓata baki ne, ƙarya zai shirga mata. Idan ya shigo sai ta sa hannu cikin sumarsa kamar tana shafa shi don ƙauna, sannan ta kai yatsa bakinta. In ta ji gishiri, teku ya je. In ba ta ji ba, mashaya ya wuni, abincinsa na tukunya, ya zuba da kansa. Haka uwata ta yi wa ubana, haka na yi wa mijina Manus, har ranar da ya fita ɗaga kwandunan kama kaguwa bai dawo ba. An samu jirgin a kife, shi ba a same shi ba. Sunansa na nan jikin dutsen da ke tashar jirage, inda ake rubuta waɗanda teku ya ci, ƙarƙashin na ubansa.

Ɗanmu Ultan yana firamare lokacin. Ranar da aka yi wa uban addu'a a coci, babu gawa babu akwati, muna dawowa gida na ɗauko carbin Manus na ɗora hannun yaron a kai. Na ce rantse ba za ka taɓa taka jirgin kamun kifi ba. Ya rantse yana jan majina. Tun daga nan al'adar ta juye a gidana. Sauran mata suna laluben gishiri, ni ina roƙon Allah kada in ji shi.

Kuma ban ji ba, har ya gama makaranta ya samu aiki a kamfanin da ake feɗe kifi a zuba a kwalaye, can bayan gari. Ƙarni kam yana kwaso mini shi, amma ƙarni bai taɓa kashe kowa ba. Kansa cikin hular leda yake wuni, ƙafarsa a kan siminti. Ni dai alhamdu, na gode wa Ubangiji.

Bayan bikin Ista sai ga budurwarsa Dervla, mai aiki a shagon gyaran gashi, ta shigo mini kicin da wata shuɗiyar kwalbar feshi. Ina ferar dankali. Ta zaunar da shi a kujera, ta jiƙa masa kai da ruwa kaɗan.

"Mama Attracta, zo ki ga yadda zan mayar miki da ɗanki mutum," in ji ta.

Na ce, "Da jaki na haifa?"

Ta yi dariya ta hau fesa masa abin, tana damƙar sumar da hannu tana saki, tana damƙa tana saki. Ta ce ba a tajewa, ba a sa na'urar busarwa, barinsa ake yi iska ta busar. Ultan sumar ubansa ya ɗauko, mai yawa ce, tana ɗan lanƙwasa. Tana bushewa sai ta tashi tana hawa tana sauka kamar igiyar ruwa, ta yi kaushi. Sai na ga kamar Manus ne, domin haka sumarsa take in ya shigo da yamma.

Na ce, "Mene ne a ciki?"

"Ruwan gishirin teku ne, da ɗan man kwakwa don ƙamshi. Shi ake yayi yanzu. Samarin birnin Dublin duk shi suke fesawa, a ga kamar daga bakin teku suka taso."

"Au, abin da ya cinye ubansa ne aka ɗura a kwalba ake sayar muku? Ga shi can kyauta a ƙofar gida, ki ɗauki bokiti mana."

Ultan ya ce, "Mama, ke komai sai kin sa mutuwa a ciki. Gayu ne kawai."

Na ce gayun banza. Amma na bar su. Yaro ya bi maganata a babban abu, zan tsaya faɗa da shi a kan gashi?

Daga nan kullum da safe sai ya tsaya gaban madubin da ke bakin ƙofa ya yi fesa biyu uku, ya ɗauki burodinsa ya fice. Da yamma in na shafa kansa na ɗanɗana, gishiri. Sai ya ce, "Kwalbar ce, Mama." Ni ma in ce kwalbar ce, in zuba masa shayi.

Abin da ya dame ni a lokacin daban ne. Yaron ya daina zuwa coci. Sannan ɗan kaskon ruwan albarka da ke rataye a bakin ƙofarmu, wanda kowa ke tsoma yatsa ya yi alamar gicciye kafin ya fita, shi ya daina taɓawa. In na yayyafa masa sai ya goce yana cewa zan ɓata masa gyaran kai. Na kai wa fada, limamin cocinmu, ƙara, ya ce yaran zamani sai addu'a. Na ce a raina addu'a ina yi, amma addu'a ma tana son a taimaka mata.

Ranar Waliyyi Kolumba, cikin watan Yuni, na bi sauran mata muka zaga duwatsun ziyara ba takalmi kamar yadda muka saba, muka ƙare a rijiyarsa da ke gefen tudu. Ruwanta daɗi gare shi, garai-garai, babu ɗigon gishiri. Na ciko gorata. Ina isa gida na tarar Ultan bai dawo ba, shuɗiyar kwalbar tana zaune gaban madubi. Ban yi dogon tunani ba. Na kwance murfin, na tuttule abin a kwatami, na ɗauraye, na cika ta da ruwan rijiya. Kwalbar ba a ganin cikinta, ƙamshin kwakwar kuma ya kama bakinta. Na ce to, tunda ka ƙi albarka a hannuna, za ka fesa wa kanka da hannunka.

Na san zai gane. Na shirya ma faɗan da za mu yi in sumar ta ƙi tashi. Washegari ya fesa ya fita. Da yamma ya shigo, suma ta tashi fiye da kullum. Na shafa na ɗanɗana. Gishiri.

Na ce wa kaina ragowar na jiya ne.

Ran Asabar ya wanke kai da sabulu, ina jin ƙarar ruwa. Ran Lahadi babu aiki, za su fita da Dervla, ya tsaya gaban madubi yana ta fesawa yana damƙa. Suma ta kwanta luf kamar jiƙaƙƙiyar kyanwa. Ya girgiza kwalbar, ya yi tsaki, ya ce abin nan ya lalace. Na tafi coci na durƙusa, bakina na motsi amma ban san abin da nake faɗa ba.

Ran Litinin ya dawo da yamma. Tun daga ƙofa na ga kan. Duk da haka na sa hannu, don ido yana iya ruɗin mutum. Har ƙwayoyin gishirin na ji a bayan kunnensa.

"Kwalbar ce, Mama," in ji shi.

Na ce, "Zauna ka ci abinci."

Tun rasuwar Manus ban taka tashar jirage ba. Ko kifi zan saya, sai dai mai mota ya kawo ƙofar gida. Washegari da la'asar, lokacin dawowar jirage, na sa kot ɗina na gangara. Mazan da ke gyaran igiya suka gan ni, hira ta mutu. Wani ya cire hula. A nan na gane kowa ya sani, ni kaɗai ce makauniyar garin.

Jirgin Condy ne ya fara shigowa, ƙanin Manus. A gabansa ga ɗana tsaye cikin rigar ledar masunta, iska na kaɗa masa suma. Ya wurga igiya ta faɗa kan turke ba kuskure. Wannan ba hannun ɗan koyo ba ne.

Condy ya hango ni ya ce, "Yau ga babbar baƙuwa. Matar yaya, ɓatan hanya kika yi?"

"Kai ne ɓatacce, tsohon banza. Ɗan'uwanka bai ishe ka ba, sai ka haɗa da ɗansa?"

"A'a, bi a hankali. Ni ban je gidanki na ɗauko shi ba. Shi ya zo ya same ni."

"Ka kore shi mana! Baffansa ne kai ko maƙiyinsa?"

"Na kore shi. Ya tafi wajen Packie, mai jirgin nan da ke yoyo kamar rariya, wanda ba ya fita sai ya sha. Sai in bar shi can? Gara a gabana, ina ganinsa." Ya share hanci da bayan hannu. "Kuma ki ji tsoron Allah, Attracta, yaron nan ya iya. Ya fi ubansa."

Na ce, "Ubansa ma ai cewa kuka yi ya iya."

Ultan ya hauro, fuska ta yi fari. Ban yi masa faɗa gaban mutane ba. Na juya, ya biyo ni a baya har gida kamar lokacin da nake ɗauko shi daga makaranta.

A kicin na ɗauko carbin na ajiye kan tebur, na ajiye kwalbar kusa da shi.

"Wa ya faɗa miki?" ya ce. "Dervla?"

"Waliyyi Kolumba ne ya faɗa mini. Ruwan rijiyarsa kake fesawa tun makon jiya."

Ya kalli kwalbar, ya kalle ni. Ya so ya yi dariya, ta ƙi fitowa.

"Kamfani sun sallame mu tun kafin Ista, Mama. Sun kawo inji, yana yin aikin mutum ashirin. Na je otal, na je wajen masu gini, na je har garin Letterkenny. Babu."

"Sai ka karya rantsuwa."

"Ina ɗan yaro kika sa ni. Da kin ce in rantse zan haɗiye dutsen tashar ma, da na rantse."

"Ita kuma waccan mai hannun damƙa, da ita aka ƙulla?"

"Ni na roƙe ta. Na san za ki ɗanɗana." Ya murza ido. "'Yan ajinmu nawa suka rage a garin nan? Duk suna Ostireliya, iyayensu na ganinsu a waya ran Kirsimeti. In haka kike so, ki faɗa, in tafi."

Na ce, "Ka tafi. Gara in gan ka a waya."

Allah ya sani da gaske na faɗa. Amma ya girgiza kai, ya ce shi ba zai iya ba. Ya ce in yana kan ruwa da sassafe, nan kaɗai yake jin shi wani ne. Maganar da Manus ya taɓa faɗa mini ke nan, kusan baki ɗaya, kuma yaron bai taɓa jin ta daga gare shi ba.

Sannan ya ƙarasa mini sauran. Kaguwa ta bazara ce, in sanyi ya shigo Condy yana ɗaure jirgi. Ya riga ya samu gurbi a babban jirgin da ke fita can nesa wajen Rockall, inda ake makonni ba a ga ƙasa ba, a tsakiyar sanyi, lokacin da teku ke haukansa.

Na yi duk abin da uwa ke yi. Na koma wajen fada, ya zo ya sha shayi ya yi masa nasiha, suka ƙare da hirar ƙwallo. Na daina yi wa Dervla magana, sai ta zo ta zauna mini a kicin tana kuka, ta ce ita ma ba ta so, na ƙare da ba ta hankici. Na yi azumi, na kunna kyandir har mai sharar coci ta fara yi mini kallon mai ɓarna. Na ƙi dafa masa abinci, ya soya ƙwai da kansa ya ƙona mini kasko. Babu abin da ya motsa.

Ranar tafiyarsa, cikin watan Nuwamba, gari ya waye da iska. Na cusa masa safa masu kauri da rigar ulun ubansa cikin jaka. Dervla ta yi masa aski ƙasa-ƙasa saboda hula, babu sauran abin damƙa. Motar da za ta kai su tana ta hon a waje.

A bakin ƙofa ya tsaya. Bai taɓa kaskon ba. Shuɗiyar kwalbar ya ɗauko daga gaban madubi, har yanzu da ruwan rijiyar a cikinta, ya miƙo mini, ya sunkuyar da kai.

"Fesa, Mama. Yi sauri, suna jirana."

Na fesa. Na fesa har ruwa na gangara masa a wuya, bai goce ba. Na sa hannu na shafa, na kai yatsa bakina, don hannu ya riga ya saba. Ruwa ne kawai, ba ɗanɗanon komai. Ya ɗauki jaka ya fita.

Yanzu ina zuwa tashar kullum, tunda abin da nake gudu ya riga ya same ni, ɗana yana kan teku. Matan coci suna cewa in sa rai, jiragen yanzu ba irin na da ba ne. Ina ce musu amin. Jiya na tarar ma'aikatan hukuma sun wanke dutsen, sun sake bin sunayen da farin fenti. Na karanta na surukina, na karanta na Manus. A ƙarƙashinsa akwai fili, na auna da tafin hannuna. Zai ɗauki suna ɗaya, har da saura.